Rodmasta ta tashi yau

Asabar, bayan isha'i.

Hunturu ya kama sosai, kuma duk shekara in ya kama haka nake rasa sukuni. Da na dawo daga masallaci da asuba sai na wuce zaure na yaye buhunan da na rufe babur ɗina da su. Honda ce, Roadmaster mai silinda biyu, wadda mu a nan muke kira Rodmasta. Ba ita ce ta farko ba. Ta farkon da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, na saye ta a 1975, lokacin da kusan kowane ma'aikacin gwamnati ya yi babur ko rediyo. Amma wannan ce ta san hanya da ni.

Da hantsi na aika aka kira min bakanike, yaron da ubansa ne ke duba min ita a da. Ya kwance kabireta ya wanke da fetur, ya kankare filogi, ya ɗaure sarƙa. Man da ke tanki ya tsufa har ya yi ja, muka zubar. Gwiwata ba ta yarda in buga kiki ba, shi ya buga. Ta yi tari, ta yi shiru, ya sake bugawa, sai ga ta ta kama. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ƙararta mai kauri ce, a natse, ba irin kukan Bajaj da Jincheng ba. Na ɗora tafin hannu a kan tanki ina jin yadda take kaɗawa.

Ƙarar ce ta fito da babban ɗana. "Baba, ina za a je kuma?" Na ce Daura. Ya ce, "Don girman Allah ka bari in kai ka a mota."

Na san tsoronsa, kuma yana da gaskiya a wani wajen: yanar ido ta fara rufe min na hagu, ga tirela da masu gudun ganganci sun cika titi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ma, cikin gari ya zama na 'yan adaidaita sahu. To ni ba cikin gari nake so ba. Abin da yaran nan ba su gane ba, wanda ke cikin mota kai shi ake yi, bai yi tafiyar ba. A kan babur sanyin fadama na dukan ƙirjinka kafin ka ga ruwan. Kana jin ƙamshin karan dawa da aka ƙone a gona. Ka tsaya Ɗambatta ka sha fura da nono, ka hango duwatsun Kazaure suna fitowa daga hazo. Mun sha wuce Daura har Kongolam, mu tsallaka mu kwana Damagaram, ba mai tambayarmu sai jami'an iyaka. Abokan da muka yi wannan tafiya da su, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu.

Da la'asar muka daidaita. Zan je a yi min aikin idon, abin da ya daɗe yana roƙona. In likita ya sallame ni, za mu fita da sassafe, ni a gaba da hular kwano, shi a baya a kan nasa babur, iyakarmu Kazaure. Uwargida ta ce ita ba ta amince ba tukuna.

Tayar baya ta tsattsage, ba ta kai ko'ina. Litinin in sha Allahu zan shiga Ƙofar Ruwa in nemo wata.