Yadda na koyi busa La Raspa da sarewar roba

Sarewar roba irin ta 'yan makaranta, wadda ake kira rikoda, ramuka takwas gare ta: bakwai a gaba, ɗaya a baya na babban yatsa. Da ita na koyi La Raspa, wani kiɗan rawa na ƙasar Meksiko da ake dangantawa da jihar Veracruz, can gaɓar teku. Yara a makarantun can sun san takunsa sarai. A yi tsalle a miƙa dunduniya ɗaya gaba, a sauya ƙafa, a sake sauyawa, sai tafi biyu. In an gama wannan sai a saƙalo hannun juna a yi ta juyi.

Farkon kiɗan ba shi da wani tarkace. Da sautukan do re mi, ga yadda yake: so do, so do, so do, sannan so do re do ti do re. Sai a maimaita a ƙasa kaɗan: so ti, so ti, so ti, so ti do ti la ti do. Sautukan sarewar da haruffa ake kiransu; na ɗauki sautin G ya zama do ɗina, don haka so ya faɗo a kan D na ƙasa, inda ake toshe ramin baya da ramuka shida na gaba. Daga D zuwa G, yatsu uku na hannun dama ake ɗagawa, kuma dole su tashi tare su sauka tare. Idan ɗaya ya makara ko da ƙiftawar ido, za ka ji wani baƙon sauti ya kutso tsakani. Nan na fi daɗewa. Nakan ɗora sarewar a haɓa, ba na busawa, ina ɗaga yatsun ina mayarwa har sai na ji bugunsu a kan robar ya zama ɗaya, tap. Layi na biyu kuwa kyauta ne, don a irin sarewata yatsa ɗaya tak, manuniyar dama, ake ɗagawa daga D a samu ti.

D na ƙasan nan ba ya son ƙarfi. Kiɗan yana da zafi, jikinka na son ka hura da gaske, amma kana matsa iska sai sautin ya fashe ya koma ƙara. Iska mai laushi yake so, irin wadda mutum ke hura wa kunu mai zafi a ludayi. Wani abin kuma, bayan ɗan lokaci tururin numfashi yakan taru a maƙogwaron sarewar, murya ta dushe. Maganinsa ka rufe 'yar tagar da ke ƙasan bakin da yatsa, ka hura da ƙarfi sau ɗaya. In da sanyi, ka ɗumama kan sarewar a tafin hannu kafin ka fara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, armashin La Raspa ba a saurin yatsu yake ba. A harshe yake, da kuma ƙafa. Kiɗan yana tafiya ne a ma'aunin 6/8, wato bugu biyu manya, kowanne da 'ya'ya uku a cikinsa. So gajere ne, yana faɗawa ne kan do, shi kuma do shi ne inda dunduniyar mai rawa ke dira. Kowane sauti ana buɗe shi da harshe, a ce "tu", a kuma datse shi da wuri domin a bar ɗan shiru kafin na gaba. Wannan ɗan shirun ne ke sa kiɗan ya yi tsalle. Ranar da na tashi tsaye na taka rawar da kaina, ina rera sautukan da baki, sannan na koma kan sarewar, a ranar ne ta fara fita daidai. Ko a hankali aka busa, muddin gajere da dogon nan suna wurinsu, sai ka ga yaran gida sun fara girgiza kafaɗa. Wuraren tafi biyun kuma ban yarda a cike su da busa ba. Na masu rawa ne, a bar musu.

Daga baya na gwada shi da 'yar sarewar kwano mai ramuka shida, wadda aka fi sani da kiɗan Ailan. Ta fi sauƙin sha'ani, ba ramin baya, kuma muryarta ta fi kaifi, ta fi dacewa da fili.

Mutane da yawa a wajen Meksiko suna haɗa La Raspa da rawar malafa, Jarabe Tapatío, alhali daban suke. Jarabe ta Guadalajara ce, a jihar Jalisco, inda namiji ke ajiye faffaɗar malafarsa a ƙasa, mace ta zagaye ta da rawa. 'Yar rawar Rasha Anna Pavlova ta taka ta a Meksiko a 1919, abin da ya ƙara fito da sunanta duniya. Makaɗan mariachi ne suka fi kaɗa ta, da kakakinsu da gogensu da manyan gita, kuma UNESCO ta sa kiɗansu cikin al'adun gado na duniya a 2011. Jarabe ɗin nake kai yanzu, kuma ta fi wuya nesa ba kusa ba. Tana buɗewa da sautin so, ta zame rabin taki ƙasa, wato zuwa sautin da ke dab da shi, ta dawo, ta yi haka a mi, ta yi a do, duk a guje. A rikoda, sai babban yatsa ya koyi buɗe ramin baya ɗan siriri da gefen farce kafin sautukan sama su fito. A ta kwano kuwa rabin rami ake toshewa, kunne ne kawai zai gaya maka ko ka dace. Sautuka goman farko nake maimaitawa a hankali, ƙafata na buga ƙasa sau biyu a kowane ma'auni, kuma ba na ƙara sauri sai rabin takin nan ya fito tas sau da yawa a jere.