Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 9: Ciwon Bayan da Hoto Bai Gani Ba

Waɗanda suka karanta fitowar makon jiya sun san inda muka kwana. An cire mini nonon hagu a 2017 saboda sankarar nono, na sha allurar kemo har gashin kaina ya zube ya sake tsirowa, aka sallame ni da ƙwayar tamoksifen da zan riƙa haɗiya kullum. Na koma gida Mai Wurno, a ƙasar Sudan, ina hamdala. Ashe ba a rabu da Bukar ba, Habu na tafe.

A daminar 2019 baya ya fara damuna. Ciwon baya ba baƙo ba ne ga matar da ta tashi a bakin kogi tana duƙe kan albasa da kuɓewa, amma wannan halinsa daban. Na gajiya in ka kwanta sai ya kwanta. Shi wannan sai dare ya raba yake tashina, kuma wuri ɗaya ne tak, sama da ƙugu kaɗan, ina iya ɗora masa yatsa. Goggo ta ce sanyi ne, ta haƙa rami ta turara ni da itacen ɗalha irin na matan Sudan. Wanzami ya kafa mini ƙaho. Daga baya maigida ya kai ni wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoton ƙashi na yau da kullum, mai dubawa ya ɗaga shi sama ya ce ƙashi lafiya lau, ya rubuta mini maganin kashe zafi. Bai tambayi me ya taɓa samuna ba, ga tabon aiki kuwa a ƙirjina.

Da lokacin komawa ganin likita ya yi, ni da Yaya muka hau mota ta Sinnar zuwa Wad Madani, cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira. Kafin a buɗe ta a 1999, duk mai wannan cuta a Sudan sai ya dangana da asibitin Zarra na Hartum, wanda ya fara aiki a 1967. Labarin nan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne, masu karatu su lura.

Likitata ta saurare ni har na gama, ta ƙwanƙwasa gadon bayana da gefen hannu, na yi ƙara. Yaya ta miƙa mata hoton tana cewa, "Likita, ai an ce ba komai." Ta duba, ta ajiye. Ta ce, "Hajiya, irin wannan hoton sai ƙashi ya rasa kamar kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙarfinsa kafin ya nuna. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje ba ki ganin komai sai ta ci rabi." Ta ce sankarar nono da ta huhu da ta ƙoda, da ta furostet a wajen maza, suna yawan bin jini su sauka a ɓargo, musamman ƙashin baya da ƙugu da haƙarƙari. Ba kowace mace ake yi wa wannan bincike ba in ba ta jin komai, amma wadda ta yi ciwon nono ta zo da ciwon da ke tashinta da dare, ba a cewa sanyi ne sai an duba. Ta rubuta mini masah zarri na ƙashi, wato hoton ƙashin jiki gaba ɗaya da ake ɗauka bayan an yi wa mutum allurar wani sinadari.

Ba ranar aka yi ba. Sinadarin da ake amfani da shi, teknishiyam, ba ya ajiyuwa: duk awa 6 rabin ƙarfinsa ke tafiya, shi ya sa ake tara marasa lafiya a yi musu a lokacin da yake hannu. Ranar da aka kira ni, wata ma'aikaciya ta yi mini allura ƙarama a jijiyar hannun dama, don ba a taɓa hannun ɓangaren da aka yi aiki. Sirinjin ma a cikin kwanson dalma yake. Ta ce in fita in yi ta shan ruwa, in dawo bayan awa 3. Muka zauna a inuwa wajen mai shayi, ina ɗurawa cikina ruwa, Yaya na shan jabana, wato gahawar Sudan, tana jan carbi. A tsawon wannan jira ne sinadarin ke bin jini ya je ya manne a duk inda ƙashi ke ƙoƙarin gyara kansa.

Aka sa na yi fitsari, na cire 'yan kunne da awarwaro, na kwanta a wani siririn gado. Wani faffaɗan faranti ya sauko har ya kusa taɓa hancina, sannan ya fara tafiya a hankali zuwa ƙafafu. Ba zafi, ba ƙara. Wahalar kawai a ce kar ka motsa kusan rabin awa, kuma lokacin ne duk ƙaiƙayin duniya ke tuna ka. Da aka gama aka ce ranar kar in goyi yaro, kar in daɗe kusa da mai ciki.

Ban taɓa ganin ƙwarangwal ɗina ba sai a takardar nan, ɗan ƙarami, gaba da baya. Yaya ta hango wani baƙin dunƙule a mara ta dafe ƙirji tana salati. Likita ta ce, "Kwantar da hankalinki, mafitsara ce, ta nan sinadarin ke fita." Ɗigo biyu ne suka tsayar da ita. Ɗaya a haƙarƙari, ɗaya a daidai inda nake ɗora yatsa. Ta tambaya ko na taɓa faɗuwa, na ce karo, wato amalanke, ya taɓa kifewa da ni a hanyar gona. Ta ce to, shi wannan hoton yana da ido amma ba ya bambancewa, karaya da ciwon gaɓɓai duk baƙi suke fitowa. Sai ta tura ni MRI, wanda ke ganin ɓargo da laka.

Na haƙarƙarin karaya ce. Na bayan kuwa ciwon ne ya sauka a gaɓa ɗaya, bai kai ga danne laka ba. Ba ta ɓoye mini ba cewa in ya shiga ƙashi ba a maganar warkewa, sai dai a riƙe shi, kuma ana iya riƙe shi shekaru. Abin da ake gudu shi ne ƙashin ya rufta ƙafafu su mutu. Ta ja mini kunne: ranar da na ji ƙafa ta yi nauyi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, in zo ko da tsakar dare ne.

Aka sa mini ranar gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, aka canza ƙwayar da nake sha, aka ce akwai ƙarin ruwa mai ƙarfafa ƙashi, amma sai likitan haƙori ya fara duba bakina. A nan aka yi daru, don Goggo ta rantse ba za a gasa mata 'ya ba, maigida kuma ya fara maganar sayar da saniya. Yadda muka ƙare da su biyun, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.