Takardun malamin da ya yi ƙaura

Aikina a Yamai taimaka wa malamai haɗa dosiyensu ne, kuma yanzu da yawa daga masu nemana suna ƙasar waje. Mutum ya shekara goma riƙe da alli a Tawa ko Konni, ya isa Kanada, yana gadi ko ɗaukar kaya a sito, alhali hankalinsa na aji. Sai ya bugo waya: “Yaya, don Allah, zan iya komawa koyarwa a nan?”

Zai iya, amma ya danganta da ƙasar. A Faransa, gasar CAPES, wato jarrabawar ɗaukar malamai a makarantun gwamnati, ta 'yan ƙasa ce da 'yan Turai. Ɗan Nijar sai dai ya shiga kwantiragi ko ya nufi makarantu masu zaman kansu. Ingila ta sauƙaƙa wa malaman Najeriya da Gana samun shaidar QTS, wato takardar cancantar koyarwa, a 2023, Nijar ba ta cikin jerin. Kanada ce ta fi yi mana, domin lardin Ontariyo yana da makarantun Faransanci masu neman malamai.

Inda na ga mutane suna shan wahala shi ne wajen takardu. Hukumar malamai ta Ontariyo ba ta karɓar sakamakon karatu daga hannun mai shi. Makarantar da ya yi, ko makarantar horar da malamai ta ENI Kawusen ce ta Tawa ko babbar makarantar malamai ta ENS ta jami'ar Abdu Mumuni, ita za ta aika kai tsaye, ma'aikatar ilimi kuma ta shaida cewa ba a taɓa kama shi da laifi a bakin aiki ba. A nan ƙananan abubuwa ke tsayar da mutum wata da watanni. Difilom ya ce Mahamadu, fasfo ya ce Muhammad. Takardar haihuwa shekara kawai ta nuna, babu rana babu wata. Na taɓa bin sawun wata malama har makarantar ƙauyen da ta yi kwantiragi, na tarar daraktan ya yi ritaya, rajistar kuwa gara ta cinye rabinta. Shekarun nan nata duka suka tafi, ba abin da za ta nuna. Ya dame ni ƙwarai, don na san irin aikin da ta yi a rumfar kara.

Shi ya sa duk wanda ya zo mini da zancen tafiya nake ce masa ya gyara sunansa, ya karɓi shaidar aiki ta kowace shekara tun yana nan, ya bar wa wani amintacce wakilci a rubuce.

Wasu kuma ransu na ɓaci in aka ce su ƙara kwas ko su yi sitaj ƙarƙashin malamin da suka girma. Na fahimce su, amma ina ba su shawara su yi. Wanda ya iya riƙe yara saba'in a aji ɗaya gwani ne, sai dai can zai tarar da iyaye masu bin diddigin kowane maki, da yara masu buƙata ta musamman da doka ta wajabta a tsara wa darasi daban, kuma ba a koya mana wannan sosai ba.