Keken akwati da ƙofar sitonmu

Ƙofar sitonmu faɗinta santimita 83 ne, keken da muka saya kuwa 88. Wannan ɗan bambancin da bai kai tafin hannun yaro ba shi ya janyo mana asarar da har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A birnin Hague na ƙasar Holan muke zaune, a hawa na biyu, da yara uku. Kai su makaranta da ɗauko su, ga cefane, ga zuwa Islamiyya ranar Asabar, duk a wuyana suke, don Baban yara tun asuba yake kama jirgin ƙasa zuwa Rotterdam. Shi ya sa na dage sai an sayi bakfiets, keken nan mai akwati a gaba da ake zuba yara a ciki. Da Hajiya ta ga hotonsa ta WhatsApp cewa ta yi, "Ke 'yar nan, da girmanki kin koma tura kurar 'yan ga-ruwa?" Na ce, "Hajiya, ai wannan da batir take tafiya." Ba ta dai gamsu ba.

Sabo mai batir daga manyan kamfanoni irin su Urban Arrow sai mutum ya tanadi Yuro 5,000 ko fiye, don haka na hannu muka nema a wani shago. Mai taya uku na zaɓa saboda tsoron faɗuwa, tunda a nan na koyi hawan keke, ba da shi na tashi ba. Mai shagon kuwa babu tambayar da bai yi ba. Yara nawa, shekarunsu nawa, akwai gada a hanyarmu ko babu, rumfa wace kala nake so. Ya saka mana benci na biyu da ɗamarar ɗaure yara, ya bayyana mana cewa dokar ƙasar ta ce duk yaron da bai kai shekara 8 ba dole ya sami mazauni mai kyau da zai tallafe bayansa da hannuwansa da ƙafafunsa. Duk wannan ya faɗa. Amma inda keken zai riƙa kwana, ko da wasa bai tambaya ba, alhali shi ne ya san faɗin kayansa, kuma ya san irin ƙofofin tsofaffin gidajen garin.

Da muka iso gida Baban yara ya kama gaba na kama baya, muka karkata shi, muka cire rumfar, muka sake gwadawa ta baya. Ƙarfen tsakiyar tayar dama sai ya daki bangon ƙofa ya tsaya cak. Har yau zanen da ya yi wa fentin yana nan. Ya miƙe yana haki ya ce, "Maman yara, wannan fa ko ƙofar za a cire ba zai shiga ba." Gidan haya kuma, wa zai ba ka izinin fasa bango?

Haka keken ya koma kwana a bakin titi. Daga nan komai ya biyo baya. Kamfanin inshora ya ce sai da kwaɗo na biyu mai tambarin ART, wato shaidar ingancin makulli, kuma a ɗaure shi jikin abin da ba ya motsi, muka sayi wata sarƙa mai nauyin tsiya. Iskar teku da ke kaɗowa daga Scheveningen, mai ɗauke da gishiri, ta bi ƙusoshi da wayar birki da tsatsa. Katakon akwatin ya fara kumbura ta gefe. Wata rana da safe na ɗaga rumfa na tarar kyanwar maƙwabta ta mayar da bencin yara wurin kwana. Batir kuwa dole kullum a ciro shi a hau da shi sama, don sanyi na rage masa ƙarfi, ga ɓarayi. Dare ɗaya ya kwana a jikin keken, ranar da auta ya tashi da zazzaɓi muka shigo a gigice. Da gari ya waye sai makullin a ɓalle, gurbin batir wayam. Sabonsa ya haura Yuro 600, kuma a takardar da muka sa wa hannu keken dungurungum aka yi wa inshorar sata, ban da abin da aka ɓalle daga jikinsa. Da a sito yake kwana, wa zai gan shi?

Ban ce keken bai yi amfani ba. Ranar Laraba, da makaranta ke tashi da wuri, nakan zarce da su kasuwar Haagse Markt, in loda buhun shinkafa mai kilo 20 a ƙasan akwati, doya da agada a gefe, yara su ɗora ƙafafu a kai suna cin gyaɗa. Injin yana taimaka maka har kilomita 25 a awa, daga nan ya bar ka da ƙafarka, kuma hakan ya isa. Abaya ma ba ta ba ni matsala, tunda sarƙar a rufe take ruf. Mayafi ne dai sai an soke shi cikin rigar sanyi, in ba haka ba iska ta maido maka shi a fuska.

Sai dai tsoron faɗuwar da ya sa na ɗauki mai taya uku, ashe a tsaye kawai yake maganinsa. A kan kwana shi ba ya kwantawa kamar keke, in ka shigo da gudu sai tayar ciki ta ɗaga sama, musamman in akwatin babu kaya. Ga titin da ya ɗan gangara gefe, ka yi ta kokawa da kan keke. Faɗin nasa kuma ya sa a ƙananan hanyoyin keke kowa na bayanka yana ta ƙararrawa. Doka ta yarda mai taya uku da ya wuce santimita 75 ya sauka babban titi, amma wace uwa ce za ta shiga tsakanin motoci da yara uku?

Daga ƙarshe muka sa shi a Marktplaats, shafin saye da sayarwa na intanet, aka saye da faɗuwa. Kafin mu sake sayen wani, na ari mai taya biyu na wata maƙwabciya 'yar Maroko, faɗinsa kusan santimita 70. Ƙofa kam ya wuce ta salin-alin, amma tsawonsa ya haura mita biyu da rabi, sai ya kasa shan kwanar lungun da ke kaiwa sitonmu. Don haka wanda zai auna, kada ya tsaya a ƙofa kaɗai, ya auna har da lungu, ya kuma tuna madubi da ƙarfen taya suna ƙara faɗi.

Yanzu mai dogon baya muke da shi, wanda yara biyu ke zama a bayan mai tuƙi, babbar kuma ta kai hawa nata. Ba ya ɗaukar kaya kamar akwati, kuma in ana ruwa kowa sai ya jiƙe. Buhun shinkafa sai dai Baban yara ya ɗauko a sawu na daban, yana mita. Amma kullum da magariba ina tura shi cikin sito in murza makulli, tsatsa kuma har yanzu ba ta taɓa shi ba.