Tarihin Rayuwata: Daga Askin Mutane Zuwa Gyaran Karnuka (Kashi na 6)

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a ranar da na cire madubin shagona na aski da ke Titin Bauchi a Jos, na naɗe shi da tsohon bargo na kai ɗakin Inna ajiya. Wanda bai ga wancan kashin ba, ga shi a taƙaice: tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, abin da nake samu a kan mutum goma janareto ke shanye shi kafin la'asar. Shekara 14 ina aski, na wayi gari ina cin bashin kuɗin haya. Shi ne wani dattijo da nake yi wa aski, likitan dabbobi mai ɗan asibiti a wajen Rayfield, ya ce in zo in koyi wanka da gyaran gashin karnuka, don ya daɗe yana neman mai sanyin hannu.

Ban tafi wurinsa kai tsaye ba. Ni irin mutanen nan ne da rashin takarda ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya, don haka na ƙudurta cewa wannan karon sai na fara riƙe satifiket kafin in taɓa jikin kare. Ranar wata Talata na hau mota daga Terminus zuwa Bukuru, daga can na wuce Vom. Duk ɗan Jos ya san Vom da dabbobi: a nan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924, a nan ake haɗa alluran riga-kafi, har da ta haukan kare, kuma a nan kwalejin tarayya ta lafiyar dabbobi da kiwo take. Karatun da na tarar na gaske ne, difloma ta shekara 2, ta hanyar JAMB, da kiredit 5 a jarrabawar sakandare har da darussan kimiyya. Ni kuwa da kimiyyar haɗa sinadarai ko a makaranta ba ma ga maciji. Ga mata da 'ya'ya uku. Na sha iska mai sanyi, na ci masara gasasshiya a bakin hanya, na dawo gida.

Sai na koma waya. A can na gano cewa a Ingila akwai takardun hukumar jarrabawar sana'o'i ta City & Guilds na wannan sana'a, mataki na 2 na mataimaki, mataki na 3 na wanda zai tsaya da ƙafarsa, amma ko a can doka ba ta ce dole sai da su za ka buɗe shago ba. A Amurka ma ƙungiyoyin masu sana'ar ne ke yin jarrabawarsu. Kuɗin jirgi kaɗai ya ishe ni amsa. Ina cikin wannan lalube na faɗa hannun wasu masu talla a Facebook, wai kwas na kwana 5 ta waya da satifiket "na duniya". Na tura kuɗin da na sayar da kujerar aski ɗaya. Suka turo bidiyoyin da kowa zai iya kallo kyauta, da takarda mai zanen zinariya a gefe, sunana ma ba a rubuta shi daidai ba.

Da ita na je wa Dokta, har da sa ta cikin leda. Ya ɗaga tabarau ya karanta, ya miƙo min, ya nuna wani babban kare irin Alsatian da ke keji yana kallona ƙasa-ƙasa.

“Je ka nuna masa. In ya yarda, ni ma na yarda.”

“Ranka ya daɗe, ai ba ya karatu.”

“To ka gani. Ajiye ta, ɗauki tsintsiya.”

Kafin tsintsiyar ma sai da ya tura ni asibitin mutane aka yi min allurar riga-kafin haukan kare, irin wadda ake yi wa masu aiki da dabbobi tun kafin cizo. Ya sa na haddace abu biyu kamar karatun allo. Karen da ba a zo da katin riga-kafinsa ba, ba ya hawa teburi, ko na wane ne. In kuwa haƙori ya taɓa ni, ko da ƙwarzane ne, in tsaya a bakin famfo da sabulu minti 15 cur, sannan in nufi asibiti, ba wurin mai magani ba. Ya ce ciwon nan in ya riga ya bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

Akwai abin da ya fi cizo damuna, na kuma san shi ke ran da yawa daga cikinku. Bayan sallar isha na tsaya wurin malaminmu na zaure na yi masa tambaya a asirce kan hukuncin taɓa kare da yawunsa. Ya ce a mazhabarmu ta Imamu Malik duk mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sa baki a ciki bin umarni ne na ibada. Malaman Shafi'iyya kuwa suna ɗaukar sa najasa mai nauyi. Kare na gadi, na farauta da na kiwo an yi izini da shi, amma na ado da ake kwana da shi a ɗaki, ya ce shi bai ga dalilinsa ba. Ya ƙare da cewa in ware tufafin aiki daban da na salla. Har yau haka nake yi: rigar aiki ba ta shiga gidana, a ƙusa take kwana a asibiti.

Wata guda ban riƙe almakashi ba. Shara, wankin tawul, riƙe kare yayin da Dokta ke duba shi. Ni da nake da yaran shago biyu, na koma yaron shago. Amma a nan na koyi abin da babu shi a bidiyo. Kare yana gaya maka zai ciji kafin ya ciji: ya daina motsi, ya kwantar da kunne, ya riƙa lasar leɓe, farin idonsa ya fito. Mai haushi ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya yi tsit shi ne. Na koyi sa takunkumi ba tare da kokawa ba, da ɗaga ƙafa yadda gaɓa ke lanƙwasa, ba yadda ya fi min sauƙi ba.

Da aka ba ni kilifa na ɗauka an zo gidana. Ashe komai a juye yake. A shagon aski, lamba 1 ta fi lamba 3 ƙwalƙwalewa. A bakin kilifar karnuka kuwa, iya girman lamba iya gajartar gashi: lamba 10 kusan fata take bari, lamba 4 ta bar gashi mai kauri. Kan mutum ƙashi ne a ƙasa, yana tsaye wuri guda. Fatar kare tana zamewa, a hammata da bayan kunne da mara siririya ce kamar ledar burodi. Shamfun mutane ba ya yi musu, busar da fata yake. Gashin da ya cukurkuɗe ba a jiƙa shi sai an warware, don ruwa ƙara ɗaure shi yake kamar igiya. Farce kuma yana da jijiyar jini a ciki. A farin farce kana hango ta ja-ja, a baƙi sai dai ka riƙa rage kaɗan-kaɗan. Rannan na kama Alsatian ɗin nan zan yi masa tal-kwabo wai ya sha iska, Dokta ya riƙe hannuna. Irinsu gashi biyu gare su, na sama mai kare rana da ruwa, na ƙasa mai laushi. Tajewa ake yi a fitar da mataccen, in aka aske sau da yawa ba ya dawowa yadda yake. Ga sanyin Jos na Disamba yana tafe.

Ya kuma ja min layi da bai yarda in tsallake ba. Ni ne hannun da ke bin jikin kare lungu-lungu, saboda haka ni zan fara ganin kaska a tsakanin yatsu, da ƙuma, da kunne mai wari, da marurun nan mai ɗan rami a tsakiya da tsutsar ƙuda ke yi da damina. Nawa in gani in faɗa. Allura, magani, ko faɗin sunan cuta, wannan na wanda Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi wa rajista ne. A ganina rabin ɓarnar da ake yi a wannan sana'a daga masu wanka ne da suka mai da kansu likitoci, su dama maganin kaska da ka, kare ya kama rawar jiki.

Nawa kuskuren ya zo ne a kan wata 'yar farar karya irin Lhasa da direban wata mata ya kawo, gashinta ya dunƙule kamar tsohuwar tabarma. Na duƙufa kusan minti 40 ba tsayawa, ina jin daɗin yadda aikin ke fita. A aski kana gamawa da kai guda ka kashe kilifa ta huce. A nan na manta. Karyar ta yi ta juyi, na ɗauka rigima ce. Da na kifa ta, sai ga mararta ta yi jawur. Dokta bai yi faɗa ba. Ya karɓi kilifar ya ɗora bakin a cikin tsintsiyar hannuna. Na fizge hannu.

“Ita ba ta da bakin ce maka ya isa, ɗana. Daga yau duk bayan 'yan mintuna ka gwada a jikinka.”

Shi ya shafa mata magani, amma ni ya sa na kira matar na gaya mata da bakina. Ta yi ta faɗa, ina ba da haƙuri, gumi na bi na duk da hunturu. Bayan sati 6 direban ya sake kawo ta, ya ce Madam ta ce a ba wa wanda ya faɗi gaskiyar nan.

Duk wannan lokacin Inna ta ɗauka a asibitin shanu nake aiki, ni kuma ban gyara mata ba. Ranar da na karɓi kuɗin wannan aiki na biya ta kasuwar Katako na sayo mata shinkafa da man gyaɗa. Na durƙusa ina gaishe ta, ta miƙo hannu ta tsinci wani dogon farin gashi a hulata, ta ɗaga shi saitin fitila. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana.

“Kai wannan, wace saniya ce mai irin wannan gashi?”

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.