Rabin shafi

Yau Litinin, sati na biyu kenan da Auta ya koma makaranta bayan jinyar ƙarin da aka cire masa a ƙwaƙwalwa. Da safe garau, har da 'yar waƙarsa a banɗaki, ya sha kunu kofi biyu ya ɗora hular da Kawu ya kawo masa. Hular ba ta rufe ɗinkin ƙeyar, amma shi ya yarda tana rufewa, ni kuma bakina ƙanin ƙafata.

Da ya dawo na buɗe jaka, sai na ga littafin kimiyya rabin shafi kawai, jimlar ƙarshe ma ta katse a tsakiya. Na ce ina sauran? Ya ce an goge allo Umma. Shi kenan, ya je ya kwanta da takalmi a ƙafa.

Bayan la'asar na kira Malama. Wallahi mutuniyar kirki ce, ba zan ci haƙƙinta ba, ta gaishe ni ta tambayi mai jiki, sannan ta ce "Hajiya ai ya warke Alhamdulillahi, ku daure ku daina lallaɓa shi, zai kamo 'yan uwansa." Ya warke. Kalmar nan ce ta tsaya min a wuya har yanzu. Na so in ce mata eh an cire ƙarin, amma daga bayan ƙwaƙwalwa aka cire shi, wurin da ke riƙe da daidaiton jiki da motsin hannu, shi ya sa biro ke rawa a yatsunsa, ga gashin na'urar asibiti (radiotherapy) da aka yi masa sati shida wanda likita ya gaya mana tun farko zai iya rage masa saurin kama abu, ga kemo, maganin ciwon dajin nan cisplatin, da ya taɓa masa ji, in fanka na juyi yara na surutu rabin maganarta ba ya isa kunnensa. Duk ban faɗa ba. Na ce to Malama Allah ya saka, dan Allah a dawo da shi bencin gaba. Ta ce gaba na gajeru ne. Shi da tsawonsa ya tsaya tun bara!

Kuma ko maganar robar da ke sauke masa ruwa daga kai zuwa ciki ban yi ba, alhali ita ce ta fi damuna. In ya fara ciwon kai da amai ko barcin da ba na ƙa'ida ba, kira na nake so a yi nan take, kar a ce ya kifa kai a tebur zai wuce.

Abbansu ya ce in rubuta komai a takarda gobe mu je tare. Na fara, na yaga sau biyu, ta farko ta yi kama da ƙara.

Maman Biyu ta turo hoton littafin ɗanta ta WhatsApp, muka ƙarasa shafin da fitilar waya don an ɗauke wuta. Layi 7, minti 40. Miyar kuka ta kama.

Hoton MRI na duba ƙwaƙwalwarsa saura sati uku.