Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan Duna

Yau kwana uku ke nan da muka binne karenmu Duna, kuma sai daren jiya na samu barcin kirki. Waɗanda suka bi mu cikin makonni biyar ɗin nan sun san irin faman da aka sha, ba sai na maimaita ba. Saƙonninku suna nan jibge a waya, wasu ko buɗewa ban yi ba. Ku yi mini afuwa, gajiya ce ta yi mini yawa.

Allah ya saka wa likitar dabbobin da ta duba shi da alheri. Ranar da sakamakon gwajin jini ya fito ta ce ƙoda ce, na dinga zargin kaina, domin tun watannin baya na lura yana shan ruwa fiye da ƙima, ga yawan fitsari, na ɗauka tsufa ne kawai. Ita ta zaunar da ni ta ce ƙodar kare a ɓoye take lalacewa, sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta ya tafi kafin gwajin jinin da aka saba yi ya nuna. Ta kuma ja mana kunne kada mu kuskura mu ba shi maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, don ƙarasa ƙodar yake yi. Mataimakinta kuma ya durƙusa a ƙasa ya koya wa babban ɗana ƙarin ruwa: a kama fatar da ke tsakanin kafaɗu, a ɗaga ta, a soka allurar a ƙarƙashinta. Yaron da ko allurar rigakafi sai an riƙe shi, shi ya yi ta yin wannan aikin har ranar ƙarshe. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ba ka masu jin ƙanka.

Amma wanda na zauna rubutun nan dominsa shi ne Baba, maƙwabcinmu na gidan da ke kallon namu. Na san ba ya son a ambace shi, sai dai ya yi haƙuri.

Shekara 9 Duna yana yi wa Baba haushi. Bai taɓa cizon kowa ba, amma da ya hango farar rigar Baba sai ya tashi unguwa, Baba kuwa ya tsallaka ɗaya gefen hanya yana girgiza kai. A daren da jijjiga ta kama Duna, wajen ƙarfe biyu, baban yara yana kan tafiya. Na fito na same shi kwance a gefe, ƙafafu suna harbawa, kumfa a baki, autarmu tana ihu wai ya haukace. Na san duk shekara ana yi masa rigakafin haukan kare, takardar tana cikin durowa, amma wallahi a wannan lokacin ni ma ƙafata ta ƙi matsawa kusa da shi.

Ihun ne ya tashi Baba. Ya shigo da tocila, ya tsaya ya dube shi har jijjigar ta lafa, ya juya bai ce komai ba. Na ɗauka ya koma ke nan. Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, ga shi da bargonsa a kafaɗa. Na ce, "Baba, zai ɓata maka mota." Ya ce, "'Yata, mota wanke ta ake yi. Kama ƙafafun baya."

Dattijon da ya haura saba'in, shi ya tallafi kan Duna. A hanya autar tana ta sheshsheƙa, sai ya shiga ba ta labarin hadisin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ya zauna tare da mu a kan benci har gari ya waye. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama lafiya, ya jiƙan magabatanka, ya haɗa ka da mai tallafa maka a ranar da kake bukata.

Ina kuma gode wa baiwar Allahn da ta tsince shi tun yana ɗan kwikwiyo, ƙazuwa ta cinye masa gashi, kaska cike da kunnuwa, igiya ta nutse a wuyansa. Da muka karɓo shi daga wurin masu ceton dabbobi ko haƙoran nono bai gama zubarwa ba, ta haka aka gane bai kai wata shida ba. Tabon igiyar nan bai sake fitar da gashi ba har ya mutu. Da ta ji labari ta zo, ta zauna ta shafa wurin, ba ta iya magana ba.

Yayata da ta kwashe yara kwana biyu don in runtsa, Allah ya raya miki naki. 'Yan uwan da suka ga komai suka yi shiru, da wanda ya aiko da alamar dariya ya ce "kare ne fa", na ji. Ni ba ta'aziyya na nema ba. Yaran nan dai naku ne, sun buɗe ido sun gan shi a gida, kira ɗaya a tambayi yadda suke da ya wadatar. Allah ya bar zumunci.

Akwai ragowar ledar ƙarin ruwa guda huɗu da allurai da ba a buɗe ba, mun mayar wa likita ta bai wa mai bukata. Bargon Baba kuwa na wanke na kai masa washegarin wancan daren, ya ce in ajiye tukuna. Ranar da Duna ya mutu ya aiko jikansa ya ce a naɗe shi a ciki.